Kuɗin Jona Waya a Ƙasar Adar da Gobir Tudu

Daga cikin al'amuran da zamani ya shafe a ƙasar Adar da Gobir Tudu, har ya zamana samarin yau ba su san an taɓa yin su ba, akwai wata ƴar takarda da ake cikawa a gidan waya, wadda mutum yake roƙon hukuma da ita ta jawo masa igiyar tarho zuwa gidansa, ko kuwa, idan ya riga ya sami layi sa'an nan ƙaura ta kama shi, ta ɗauke masa shi daga tsohon gida zuwa sabo. A bayan wannan takarda akwai kuɗi hawa hawa, waɗanda ake biyan wasunsu tun kafin a ga ko da inuwar ma'aikaci a ƙofar gida. Mutanen da suka taɓa cika ta a Madawa da Buza da Keita ba su da yawa, har ma a wasu shekarun mai gidan waya yana iya lissafa su da ka, ba sai ya buɗe littafi ba. Wannan ƙarancin nasu shi ne abin da ya cancanci bincike, domin ƙasar nan ba ta taɓa rasa masu bukatar aika magana nesa ba, bal ma da wuya a sami wani yanki na Nijar da ya fi ta bukata. Amma duk da haka igiya ta yi kusan shekara ɗari tana ratsa ta ba tare da ta shiga gidajen mutanenta ba.

Kafin zuwan Nasara, labari a ƙasashen nan da ƙafa yake tafiya. Sarki yana da manzanninsa, malami yana da almajiransa, attajiri kuwa yana da ayarinsa, kuma wasiƙar da aka rubuta da tawada aka buga mata hatimi ba ta da wani amfani sai in an sami amintacce da zai rataya ta a gafaka ya kai ta hannu da hannu. Daulolin Musulunci na gabas sun tsara wannan aiki tun zamanin Banu Umayya da Abbasiyawa, suka sa masa suna baridu, da zangogi da dabbobin canji. A nan kuwa fadar Sakkwato ta riƙe nata tsarin wasiƙu a hannun waziri. Adar tana tsakanin Agadas da Sakkwato, hanyar malamai ce da fatake, kuma a kusa da Madawa ne aka binne Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Abzinawan Kel Geres, waɗanda suka zauna wajen Galma da Azarori, suna kai gero arewa su komo da gishiri da dabino, kuma duk rijiyar da suka sauka a bakinta sai labarin farashi da na yaƙi da na rasuwa ya sauka tare da su. Abin lura a wannan tsari shi ne saƙo mutum yake nema, ba gida ba: idan manzo ya iso ya tarar wanda aka aiko shi gare shi ya tashi, sai ya tambayi inda ya nufa ya bi sawunsa.

Igiyar ƙarfe ta shigo ƙasar ne tare da iyaka. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ran 14 ga Yuni 1898, an ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato aka zana da'ira mai nisan mil 100, aka ce abin da ke cikinta na Ingilishi ne. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga bakin Kwara zuwa Damagaram, sai suka iske an bar musu hanyar da rijiyoyinta suka yi nisa da juna ƙwarai, wadda ayarin soja ba ya iya bi da rani sai da hasarar dabbobi. Saboda haka suka yi ta kai kuka har aka gyara iyakar a 1904, aka ƙara daidaita ta a 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da abokin aikinsa na Ingilishi suka bi ta suna kafa alamomi. Da wannan gyara ne Ƙonni da Madawa da Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa, hanya ta miƙe daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi ta ratsa su zuwa Tasawa da Damagaram, wadda ita ce babban birnin mulkin kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Wayar tangaraho ta bi gefen wannan hanya tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, Madawa kuwa, da yake ta zama mazaunin kumandan, ta sami rabonta. Buza da Keita suna can cikin duwatsu da kwaruruka, nesa da babbar hanya, don haka abin da ya riske su daga baya reshe ne kawai, kuma har ƙarshen zamanin igiya ba su fita daga wannan matsayi ba.

Idan ana son a san wanda ya fara biyan kuɗin jona waya a ƙasar nan, to talaka ne, kuma da wuyansa ya biya. Babu jirgin ƙasa, babu mota a farkon al'amarin. Kowane turke da kowane naɗin ƙarfe a kan mutum ko a bayan raƙumi ya iso inda aka kafa shi. Dokar mulkin mallaka ta ɗora wa kowane baligi kwanakin aikin tilas a shekara, kumandan ya faɗa wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa masu gari, su kuma su fitar da mutane daga gonakinsu. Da su aka sare itace, da su aka haƙa ramuka a ƙasa mai marmara, kuma bayan an gama su ne masu share ciyawa a ƙarƙashin layi don kada gobarar daji ta ci shi. Gara tana cin turakun itace, iskar farkon damina tana kayar da su, kuma duk lokacin da layi ya yanke, garin da ya fi kusa shi ake tuhuma. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. A duk tsawon waɗannan shekaru maganar da ke gudana a cikin igiyar ta haraji ce da ɗaukar soja da umarnin gwamna, da Faransanci, tsakanin bariki da bariki. Wanda ya ɗauko turken bai taɓa jin muryar ɗan'uwansa ta cikinta ba, kuma ba a yi ta domin ya ji ba.

Malaman Musulunci a wasu ƙasashe ba su bar wannan sabon abu ya wuce ba tare da nazari ba, domin ya taɓa ibada: shin idan labarin ganin wata ya zo ta waya, alhali ba a ga fuskar mai shaida ba, ana ɗaukar azumi da shi ko a ajiye? Shaihu Jamaluddin al-Ƙasimi na Dimashƙa ya wallafa littafi sukutum a kan mas'alar a 1911, yana mai ƙarfafa halaccin aiki da irin wannan labari idan an amince da mai aikowa. A ƙasarmu kuwa, inda makullin wayar yake hannun wanda ba Musulmi ba, mai doki ya daɗe yana riga ta isa da labarin wata.

Bayan samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, aikin da Faransawa suke kira PTT ya koma hannun ofishin gwamnati mai suna OPT, wanda ya haɗa wasiƙu da tangaraho da tarho da ajiyar kuɗi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Gyaran mulki na 1964 ya raba ƙasa jihohi bakwai, ya sa Madawa da Buza da Keita kowace ta zama gunduma a ƙarƙashin Tawa, da nata shugaban da jandarmomi da asibiti da ofishin makarantu. Waɗannan kuwa su ne farkon masu tarho, kuma su ne mafi yawansu har ƙarshe. A irin waɗannan ƙananan garuruwa an daɗe ana aiki da akwati mai mariƙi a gefe, wanda ake murɗawa ya kaɗa ƙararrawa a gidan waya, sai ma'aikaci ya ɗauka ya tambayi inda ake nema, ya ce a ajiye a jira; ana iya jiran Yamai daga hantsi har azahar, idan kuma an samu, sai an ɗaga murya kamar mai kira daga wata gona. Ita kanta hukuma ba ta dogara da igiyarta kaɗai ba, domin ta riƙe wata hanyar rediyo da ake kira RAC, wadda ofisoshin mulki suke karanta wa juna saƙonni da ita a kan sa'o'in da aka yanka. Idan mai abu bai sakankance da abinsa ba, ba abin mamaki ba ne talaka ya yi jinkirin zuba dukiyarsa a ciki.

To, mu dubi kuɗin da kansa. Tsarin da aka gada daga Faransa ya kasa shi gida huɗu. Akwai kuɗin jonawa, wanda ake biya sau ɗaya ba ya dawowa. Akwai kuɗin ajiya, wanda ofis yake riƙewa don gudun kada mutum ya ci bashin magana ya gudu. Akwai kuɗin riƙon layi, wanda yake hawa kan mai tarho ko ya yi magana ko bai yi ba. Sa'an nan akwai kuɗin maganar kanta, gwargwadon nisa da daɗewa. Bayan waɗannan, idan gidan mutum ya fita daga inda turaku suka tsaya, sai a aiko ma'aikaci ya auna nisa ya yi ƙiyasi, a ɗora masa kuɗin ƙarin turaku da igiya, waɗanda kuma da zarar an kafa su sun zama mallakar ofis. Wanda ya karanta babin ciniki a littafin Risala ko na Askari zai gane surar al'amarin nan da nan: kuɗin wata ujura ce ta ijara, kuɗin ajiya yana kama da jingina, kuma abin da mai tarho ya mallaka manfa'a ce kawai, asalin abin kuwa, daga igiya har akwatin da ke kan teburinsa har lambar da aka san shi da ita, na hukuma ne. Kuɗin jonawa shi ne mai wuyar ajiyewa a babi, domin mutum ya biya aikin da amfaninsa zai tabbata a jikin bango, ba a hannunsa ba. Misalinsa misalin wanda ya haƙa rijiya a gidan haya ne: yana sha muddin yana zaune, ran da ya tashi kuwa ba ya naɗe ta ya ɗora a amalanke.

A nan ne ƙaura take zama musiba ƙarama. Wanda ya sauya gida a cikin gari ɗaya sai ya rubuta takardar neman a mayar masa da layi, ya nuna ya biya duk bashin da ke kansa, ya biya kuɗin mayarwa, sa'an nan ya jira a duba ko akwai sauran igiya marar mai ita a unguwar da ya koma. In babu, to kuɗinsa da haƙurinsa ba su isa su haifar da ita ba, sai ya shiga jerin masu jira tare da wanda bai taɓa yin tarho ba. Wanda kuwa aka ɗauke shi daga Madawa zuwa Buza, ko daga Keita zuwa Tawa, ya bar wani gidan waya ya shiga hannun wani, lambarsa ta mutu, sai ya rufe tsohon lissafi ya bi sawun ajiyarsa, wadda fitarta daga baitulmali ba ta da saurin shigarta, kuma ya buɗe sabo tun daga farko. Alhali kuwa mutanen da suka san amfanin tarho, suke kuma da albashin da za a iya riƙe shi da shi, su ne malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na gona da na daji, wato ainihin waɗanda gwamnati take juyawa daga gari zuwa gari bayan ƴan shekaru, galibinsu kuma a gidan haya ko gidan gwamnati suke. Mai hankali a cikinsu sai ya yi lissafi ya ga ba shi da maslaha ya biya kuɗin jonawa sau huɗu ko biyar a rayuwar aikinsa, ya haƙura da na ofis. Ta haka tarho ya zama kayan muƙami: yana gidan shugaban gunduma, ana sauya masu gidan shi yana nan, wanda aka tuɓe ya bar shi tare da kujera da tuta. A ofisoshi har ƙaramin kwado ake sa wa faifan lambobi don kada masinja ya kira garinsu. Masu haya kuma sun san wata fitinar dabam, ita ce mutum ya shiga gida ya tarar da igiya a bango ya yi murna, sa'an nan a gaya masa akwai bashin wanda ya tashi a kanta.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar ofishin waya, domin yana da ita. Igiyar tagulla aba ce mai tsada da ake sayowa daga waje, kuma kowane mai tarho sai an ja masa tasa tun daga gidan waya har ɗakinsa. A birni mai cunkoso gidaje ɗari suna raba turke ɗaya, amma a ƙasar da ƙauyuka suke warwatse a gindin duwatsu da bakin fadamu, layi guda yana iya cin abin da ba zai mayar ba cikin shekara ashirin. Ita ma Faransa, wadda aka kwaikwayo tsarin daga gare ta, ta daɗe cikin wannan hali, har mutanenta suna ba'a cewa rabinsu suna jiran a sa musu tarho, rabi kuma suna jiran ya yi aiki. A tsakiyar shekarun 1970 kuɗin jonawa a can ya kai faran 1,100, daidai da jika 55 na sefa a canjin lokacin. Bambancin shi ne Faransa ta zuba dukiya mai yawa, ta yi ta rage kuɗin shekara bayan shekara, har layukanta suka kai miliyan 20 a 1982. Nijar ba ta da wannan ƙarfi. Ɗan abin da ta samu, musamman a shekarun da yuraniyom ya yi daraja, ya tafi ne ga manyan hanyoyi, wato hasumiyoyin da ke miƙa magana daga tudu zuwa tudu, da tashar tauraron ɗan Adam ta Karma kusa da Yamai, da na garuruwa masu nisa irin su Agadas da Difa. Ƙarshen igiya, wanda shi ne ke shiga gidan mutum, shi aka bari. Ga kuma gwamnati da kanta ta kasance babbar mai cin bashin ofishin. Rahoton da kwamitin Maitland ya miƙa wa hukumar sadarwa ta duniya a tsakiyar shekarun 1980 ya nuna birnin Tokyo shi kaɗai ya fi nahiyar Afirka duka yawan tarho. A shekara ta 2000 layukan Nijar baki ɗaya ba su wuce wajen 20,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 10, mafi yawansu kuma a Yamai suke. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a lokacin bai cika jika 19 a wata ba. Sai mai karatu ya ƙiyasta abin da ya rage wa garuruwan karkara irin su Karofan da Tama da Garhanga.

Sai dai ni a ganina, ko da an yafe kuɗin jonawa ɗungurungum, da igiya ba ta biya wa Adar bukatarta ba, domin an gina ta a kan zaton mutum yana da wuri ɗaya da ake samunsa daga shekara zuwa shekara, mutanen ƙasar nan kuwa rayuwarsu a kan tafiya take. Da an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su kama hanyar biɗa, wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu Kamaru ko Gabon, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Wasu su komo da faɗuwar ruwa, wasu sai bayan shekaru. Tamaske ta yi suna da fatakenta da ke baje a garuruwan bakin teku. Manoman albasa na fadamar Tarka da kewayen Madawa idonsu yana kan farashin kasuwannin da ke nesa da su da kwanaki a mota. Makiyaya suna hawa arewa da damina su gangaro da kaka. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan shuka, saboda maza ba sa gida. Matar da mijinta yake kwana a shagon wani a Abijan, bana a wannan unguwa baɗi a waccan, ko da an ja mata igiya kyauta har ɗakinta, wace lamba za ta kira?

Saboda haka jama'a suka tsara nasu baridun a gefen na hukuma, kuma ya yi aiki. Malami yana rubuta wasiƙa da ajami, ɗan lakwal yana rubutawa da boko, a ba direban da aka sani ko wani mai komawa gida. Da rediyo mai kaset ya yawaita, sai aka koma ɗaukar murya: iyali su taru da dare, tsohuwa ta fara da gaisuwa da addu'a, a bi da labarin damina da na wanda ya rasu da wanda aka haifa, a ƙare da bukata, sa'an nan a naɗe kaset a takarda a rubuta suna; wannan kuwa ya fi wasiƙa, domin ba ya bukatar mai karantawa ya shiga sirrin gida. Sanarwar rasuwa tana bi ta gidan rediyon Muryar Sahel. Kuɗi suna zuwa ta manda a gidan waya, ko a ɗamarar amintacce. Tun da yake ba a raba wasiƙu gida gida a Nijar, akwatin gidan waya guda na wani ɗan kasuwa ko na makaranta yana ɗaukar wasiƙun ƙauye sukutum. Haka shi ma tarhon: attajirin da yake zaune daram a gidan gadonsa kusa da kasuwa, wanda shi kaɗai ne kuɗin jonawa bai zame wa hasara ba, lambarsa takan zama ta unguwa duka. Ɗan biɗa ya kira daga Abijan ya ce, «Alhaji, don Allah a gaya wa Inna ta zo ran Juma'a bayan an sauko,» sai a aika yaro ko a ba masu zuwa cin kasuwa sallahu, tsohuwa ta hau jaki ko ta tako tun da safe, ta zauna a zaure tana jiran ƙararrawa, wani lokaci ta yi magana, wani lokaci layi ya ƙi ta koma sai wani mako. Alhajin ba ya karɓar ko dala a kan wannan, amma yana samun abin da ya fi kuɗi a wurin ɗan kasuwa, wato ya riga kowa sanin wanda ya aiko da abu da wanda ke shirin dawowa. Daga baya, cikin shekarun 1990, aka ba ƴan kasuwa izinin buɗe ɗakunan kira, inda ake biyan abin da agogo ya nuna, wanda hakan ya mayar da kuɗin jonawa jarin mutum ɗaya da jama'a suke biya masa kaɗan kaɗan.

Ƙarshen zamanin igiya ya zo da sauri, kuma tarihinsa na takardu ne da sauyin sunaye. An karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, kayan waje suka ninka tsada. A 1997 aka raba tarho da wasiƙu, aka kafa kamfanin SONITEL. A ƙarshen 2001 aka sayar da kashi 51 cikin 100 nasa ga haɗin gwiwar kamfanin ZTE na Sin da wani kamfanin zuba jari na Libiya, da fatan za su yawaita layuka. Kamfanin SONITEL ya fito da wani tarhon gida marar igiya mai suna Dogonay, wanda ake ɗauka a koma da shi sabon gida ba tare da an kira ma'aikaci ba. Da ya zo da shekara ashirin kafin lokacinsa, da la'alla labarin ya sauya. A 2006 aka mayar da lambobin ƙasar guda takwas maimakon shida, na igiya suka sami 20 a gabansu. Gwamnati ta karɓe kamfanin a 2012, ta haɗe shi da kamfanin salula na SahelCom a 2016 aka sami Niger Telecom.

Amma tun a 2001 Celtel mai wayar salula ta fara aiki a Yamai, ta yi ta kafa hasumiyoyi gari bayan gari. Ita ce ta zama Zain sa'an nan Airtel, ga Telecel da ta zama Moov, ga Orange da ta shigo a 2008 ta koma Zamani daga baya. Abin da salula ta kawo wanda igiya ta kasa shi ne ta ɗaura lamba a kan mutum, ta kuma soke ajiya da kuɗin wata, domin ana biya ne kafin a yi magana, ko da na dala ashirin ne. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda salula ta isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota don ya je ya ji nawa ake sayar da tiya. A 2010, bayan damina ta gaza, ƙungiyar Concern ta yi aikin rabon tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, inda wasu daga cikin matan suka karɓi nasu ta wayar hannu, a wuraren da turken tarho bai taɓa tsayawa ba.

Kuɗin shiga bai mutu ba duk da haka, wurin karɓarsa ne ya sauya. Mutumin ƙauyen da ba lantarki yana biyan mai caji a kasuwa kafin wayarsa ta yi numfashi. Wanda garinsu yake cikin kwari yana hawa dutse neman layi. Na Bangi da sauran garuruwan bakin iyaka sukan riƙe layin Nijeriya tare da na gida, su duba wanda ya fi sauƙi. Wanda ya tafi Abijan ko Tamanrasat sai ya sayi sabon layi a can, da takardun shaidar da ƙasar ta nema, ya aiko da sabuwar lamba gida. Ita ma hukuma ta gano inda maganar ƙasar take kwarara, ta ɗora haraji a kan kiran da ke shigowa daga waje, wanda ake kira TATTIE. An soke shi a kasafin 2018, aka mayar da shi a na 2019, kuma a yanki irin Buza da Keita, galibin masu wannan kira ƴan biɗa ne da ke neman iyayensu da matansu.